Maraƙin da Muka Ɗinka

Ni ba makiyayi ba ne. A Makka aka haife ni, a kan dutsen Nakkasa, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Shanu a bakin tsohuwata na fara saninsu, sai kuma waɗanda ake saukewa daga mota lokacin layya. Makaranta ma ban yi nisa ba, ranar da aka ce kowa ya kawo takardar zaman ƙasa ta ubansa na ɗauko jakata na dawo gida. Wanda ba shi da takarda kuwa ba ya zaɓen sana'a. Na yi dako a unguwar Mansur, na tura keken tsofaffi lokacin Hajji, na wanke motoci, na yi fiɗa a mayanka duk Babbar Sallah. A wurin fiɗar nan na san wani Balarabe mai shanu, yana da garke can bayan gari. In aikin ƙazanta ya taso ya kira ni, in ya ƙare ya sallame ni.

Shekarar da nake ba da labarinta ba ni da wurin kwana na kaina. An rushe ɓangarenmu na Nakkasa. Jan fenti aka fara shafawa a bango, aka yanke wuta, sannan katafila ta hau. Matata tun kafin nan aka kama ta tana sayar da gyaɗa a bakin titi, aka tura ta Kano da yaranmu biyu, garin da ba ta taɓa gani ba sai a waya. Saura ni da Inna. Muka raɓe wurin wani ɗan unguwarmu a Mansur, ita tana kwana bayan labule tare da matarsa, ni a saman rufi. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ci amanarsa ba. Amma ƙanensa zai zo da iyali, sai ya fara gaishe ni idonsa a ƙasa. Da na matsa masa ya ce zuwa tsakiyar Muharram. Na ce na gode.

Ana cikin haka mai shanu ya kira ni. Ya ce akwai wani tsohon gida a cikin gari, na zuriyar masu sayar da madara tun zamanin Turkawa. Jikokin sun gyara shi sun mai da shi gidan tarihi. Ranar farko ta sabuwar shekara za su tara iyalai, yara da iyayensu, a nuna musu yadda ake tatsa da kaɗa nono kafin a san lantarki da madarar kwali. Al'adar mutanen Makka ce su sha madara ranar ɗaya ga Muharram, wai don shekara ta zo fara. Ni na sha tun ina yaro, ban ga farin ba, amma wannan wata magana ce.

Ba sa son saniyar Turawa mai baƙi da fari. Saniya mai tozo suke so, irin ta kudu, irin wadda kakanninsu suka tatsa. Mai shanu yana da guda, ja, ta haihu bai daɗe ba.

Ya ce, "Ka saurara da kyau, ya Hajji. In abin ya yi musu daɗi, duk ƙarshen mako za a riƙa kai ta. Mai gadina ya tafi ƙasarsu, ɗakinsa na nan a garke, da ruwa da fanka. In ka fitar da ni kunya, kai ne mai kula da ita, ɗakin naka ne kai da tsohuwarka. In ba ka fitar ba, ba ni da abin da zan yi da kai."

Ban ji haushinsa ba. Na fi son mai faɗa mini gaskiya tsirararta da mai cewa in sha Allahu alhali ya riga ya yanke.

Ya ƙara da cewa suna neman tsohuwa wadda ta iya kaɗa nono a salka, ta zauna a tabarma yara su gani. Na ce ina da ita a gida.

Da na kwatanta wa Inna gidan, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗanta na fari. Ta ce, "Kai wannan, gidan dutse ne, mai hawa uku, da ƙaramar ƙofa ta baya wadda sai an sunkuya?"

Na ce ban gan shi ba tukuna.

Ta ce, "Shi ne. Nan kakata ta yi bauta."

Na san labarin, amma ban taɓa sanin gidan yana tsaye ba. Kakar Inna da ƙafa ta zo, tana yarinya, tare da ubanta, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Shekaru suka yi a hanya. Da suka iso guzuri ya ƙare, sai uban ya bar ta a gidan masu madara ta yi aiki, shi ya je Madina ya dawo. Bai dawo ba. A bayan gidan nan ta girma, ta tatsa da asuba, ta kaɗa salka da hantsi, maza su ɗauki madarar a ka su zaga gari. Inna ta riske ta da rai, ta makance, yatsunta a lanƙwashe kamar har yanzu hantsa take riƙe da ita.

Ranar ta zo cikin tsakiyar zafi, irin zafin da ƙarfen mota ke ƙona tafin hannu. Tun da safe na je garke, na ga abin da ban so ba. Maraƙin yana zawo. Ya kwana biyu a haka, in ji direban mai shanu. Idonsa ya faɗa, in ka ja fatar wuyansa ba ta komawa. Na ce wa mai shanu wannan ba zai iya shiga mota ba.

Ya ce, "To a bar shi, a tafi da uwar."

Na ce, "Mu'allim, saniya mai tozo ba ta sakin nono in ba ɗanta a gabanta. Ba irin na kamfani ba ce da ake sa wa inji."

Ya ce, "To a tafi da shi. Ni me kake so in yi, in haifo wani?"

Aka ɗora su a bayan akori-kura, na rufa wa maraƙin buhu jiƙaƙƙe. Muka biya Mansur muka ɗauki Inna. Tafiyar ba wani nisa ba ne, amma an rufe wani titi ana aiki, muka tsaya cikin cunkoso rana na dukanmu. Ni a baya nake tare da su, ina ɗiga masa ruwa a baki da murfin gora. Uwar tana lasarsa, yana ƙoƙarin ɗaga kai yana kasawa. Kafin mu isa buhun ya bushe ƙarau.

Gidan yana nan kamar yadda Inna ta faɗa, da tagogin katako masu sassaƙa irin na Makkar da. Yadda ya tsira daga katafila ban sani ba. Ina jin masu shi sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Garken baya an shimfiɗe shi da duwatsu masu kyau, an kafa rumfa, an jera kujeru, ga fankoki masu fesa ruwa, ga wurin sayar da gahawa. A kusurwa ɗaya aka kafa turke sabo fil, aka zuba ciyawa, aka rataye salka a kan itace uku.

Wadda ke shirya taron jikar masu gidan ce, yarinya mai karatu, mai ladabi kuma, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta kama hannun Inna ta sauko da ita daga mota tana ce mata hala, wato inna da harshensu. Inna ta tsaya tsakiyar filin tana dube-dube. Ta nuna wurin gahawa ta ce da Larabcinta na kasuwa, nan ɗakin kakata yake. Yarinyar ta tambayi sunan kakar, Inna ta faɗa. Ta maimaita shi sau biyu, ta ce wallahi ba ta taɓa ji ba, amma za ta tambayi manya. Na yarda ba ta taɓa ji ba. Wa zai gaya mata.

Na sauke saniyar na ɗaure ta a turke. Da na koma ɗauko maraƙin, sai na ga ya miƙe ƙafafu, numfashinsa sama-sama. Na yi fiɗa da yawa, na san abin da ke tafiya. Na ce wa direba ya ja motar zuwa lungun bayan katanga inda ake ajiye bola. A nan na fuskantar da shi alƙibla na yanka shi kafin ya zama mushe. Jinin ma kaɗan ya fito.

Na wanke hannu da sabulu har sau nawa, na sake riga, na dawo wurin uwar. An yi azahar. Bayan la'asar mutane za su fara zuwa.

Na gwada duk abin da na sani. Na zuba mata dusa da gishiri, ba ta kalla ba. Na wanke hantsar da ruwan ɗumi, na murza, na lallaɓa. Hantsar cike take, ta yi tauri kamar dutse, amma in na ja sai ɗigo biyu uku. Kanta a miƙe wajen ƙofar da motar ta bi, tana kuka, irin kukan nan mai tsawo da ke fitowa daga ciki. Da na matsa mata ta yi harbi, ƙwaryar ta tashi sama. Wuyan hannuna ta samu, har yau in an yi sanyi yana tuna mini.

Yarinyar ta zo ta tsaya nesa kaɗan. Na gaya mata abin da ya faru. Ta rufe baki da hannu, ta ce Allah sarki. Sannan ta ce madarar da yara za su sha ba damuwa, an sayo ta kwali an zuba a tulu. Amma tatsar ita ce taron. Don ita aka tara mutane, an gaya wa yara kowa zai taɓa da hannunsa. Ba ta ɗaga mini murya ba. Waya ta ɗaga ta kira mai shanu, shi kuma ya kira ni.

Ban tsaya rubuta abin da ya ce ba. Ya zagi maraƙin, ya zagi titin, ya zagi ranar da ya san ni. Na ce a kawo wani maraƙi. Ya ce ba shi da mai irin kwanakinsa, kuma ni da kaina na san ba za ta karɓi ɗan wata ba. Ya ce yana nan tafe, in ya zo bai ga madara a ƙwarya ba, in nemi motar da za ta mai da ni da tsohuwata inda muka fito.

Inda muka fito. Saman rufin wani, zuwa tsakiyar wata.

Na zauna a gindin katanga. Inna tana kan tabarmar da aka shimfiɗa mata kusa da salka, duk abin nan tana kallo. Can ta ce, "Kai wannan. Ina gawar?"

Na ce tana bayan katanga.

"Ka feɗe?"

Na ce, "Inna, naman mai zawo wa zai ci?"

Ta ce, "Wa ya yi maka maganar nama? Je ka feɗe shi. Kada ka tsaga da yawa, ta ciki kawai. Ka bar fatar kai da kunnuwa da wutsiya. Kada ruwa ya taɓa bayan, kada sabulu ya kusance shi. Ka samo mini basilla da zaren buhu."

Na dube ta. Ta ce, "Kallon me kake yi mini? A gidan nan aka yi wa kakata bulala kan saniyar da ɗanta ya mutu ta hana nono. Wani tsoho mai kai ciyawa ya koya mata. Daga ranar ba a sake dukanta kan wannan ba. Tashi, rana na tafiya."

Na tashi. Fiɗa dai sana'ata ce, ba ta ɗauke ni lokaci ba. Na zare shi daga fatarsa kamar ana cire wa yaro riga. Na goge cikin da toka da gishirin da na kawo don dusa, na zuba naman a leda direba ya tafi da shi, ban tambaye shi ina ba. Basilla a wurin masu kafa rumfa na samu. Inna ta lallaɓo ta ƙaramar ƙofar nan ta baya, wadda sai an sunkuya, ta zauna a kan bulo cikin warin bola. Ina cusa busasshiyar ciyawa tana ɗinkewa. Idonta ba ya gani sosai, da yatsa take laluben bakin fatar. Ƙafafun muka sa musu karan rumfa. Wuyan ya ƙi tsayawa, sai da na karya sandar tsintsiya na zura.

Da muka gama na ja baya na dube shi. Abin ba kyan gani. Ciki ya kumbura gefe ɗaya, inda idanu suke ramuka ne, baki a karkace. Na ce, "Inna, wannan ko makaho ba zai ruɗa ba."

Ta ce, "Ita ba da ido take sanin ɗanta ba. Barbaɗa masa gishiri a gadon baya."

Na rungumo shi na shigo ta bayan rumfa. Inna ta ce kada in kawo shi ta gabanta, ta gefe zan zo, ta wajen kafaɗarta, inda ake ɗaure maraƙi in an janye shi daga nono. Na jingina shi da turke na ja da baya.

Saniyar ta daina kuka. Ta juyo da kai, ta hura hanci, ta ja baya har igiya ta miƙe. Na ce a raina shi ke nan. Ta tsaya haka tana kallonsa. Sannan ta matso, ta shinshina wutsiyar, ta bi gadon bayan da hanci har zuwa kunne. Ta yi wani ƙaramin gurnani wanda ban taɓa jin saniya ta yi ba. Sai ta fara lasa.

Inna ta dafa wuyanta tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ban ji me take cewa ba. Da ɗaya hannun ta yi mini alama. Na ɗaure ƙafafun baya, na tsuguna. Ta ce, "Tunkuye ta da dunƙulen hannu, yadda yake yi da kai." Na tunkuyi hantsar sau biyu uku. Na ji ta saki a hannuna, kamar an kwance ƙulli. Na ja, madara ta bugi gindin ƙwarya.

Ban yi murna ba. Na tatsi kaɗan don ta sami sauƙi, na bar sauran don mutane.

Yarinyar da ta ga abin da ke jingine da turke sai da ta juya baya. Ta ce in rufe shi da buhu, a bar kai da gadon baya kawai, a ja shi cikin inuwa kada yara su tsorata. Na yi yadda ta ce.

Bayan la'asar suka fara shigowa, maza cikin fararen riguna masu guga, mata da jakunkuna, yara kowa da ɗan kofi a hannu. Aka zaga da su cikin gidan, aka nuna musu tulunan da, da ma'aunin madara, da hoton kakan masu gidan. Sannan aka fito da su wurinmu.

Cikinsu har da taubashina, ɗan wan Inna, da ƙaramar 'yarsa. Tare muka yi wasan ƙasa a Nakkasa. Ubansa ya je ya bi layi lokacin da samun takardar zama ɗan ƙasa ke da sauƙi. Nawa uban ya ce me zai yi da takardar Larabawa, bayan Hajji mai zuwa gida za mu koma. A kan wannan maganar ya tsufa, a Makka aka binne shi. Yanzu taubashina yana aikin ofis, yana da gidan sama a unguwar Shisha. Duk Sallah yakan zo ya gaida Inna. Ɗaukarta dai ba zai iya ba, wai ajiye marar takarda laifi ne babba. Gaskiya ya faɗa, laifi ne.

Ya hango ni tsugune da ƙwarya, ya ce da Hausarsa da ta fara tsami, "A'a, Sarkin Fulani. Yaushe aka yi naɗin ba a gayyace mu ba?"

Na ce, "Ranar da aka naɗa ka Balarabe. Kai ma ba ka aiko mana goro ba."

Ya ce, "Bakin nan naka shi ya hana ka ƙiba."

Na ce, "Kai ma tumbin ba ƙoƙarinka ba ne, layi babanka ya bi."

Ya yi dariya, ya je ya sumbaci kan Inna. "Gwaggo, ke ma an sa ki aiki?"

Ta ce, "To ya zan yi, ɗan nan. Da na zauna a Shisha ina shan sanyi ai da ban zo ba." Ta ci gaba da tura salkarta. Shi kuwa ya shiga duba wayarsa.

Yara suka yi layi. Ina kama hannun kowane in ɗora a kan nonon, in matsa tare da shi, madara ta fito, ya yi ihu ya ruga wurin uwarsa. Saniyar ba ta ko motsa ba. Kanta na wajen turke, tana lasa, tana lasa, har gashin wurin ya kwanta ya yi duhu.

'Yar taubashina ba ta shiga layin ba. Ta zagaya ta tsuguna gaban maraƙin, ta shafa kunnensa. Ba ta jin Hausa, da Larabci ta tambayi ubanta me ya sa ba ya motsi. Ya dube shi, ya dube ni. Ya gane. Ya ce mata barci yake yi, ta taso kada ta tashe shi. Ta ce to me ya sa ba shi da ido. Ya ja hannunta.

Da a nan abin ya tsaya, da ya fi mini. Amma akwai wani tsohon Balarabe a kujerar guragu, jikokinsa suka turo shi gaba. Ya ƙura wa turken ido, ya ce a janye buhun. Ba wanda ya motsa, sai ya miƙa sandarsa ya janye da kansa. Ya tafa hannu, ya kira abin da wani suna na Larabci wanda ban taɓa ji ba. Ya ce rabonsa da ganin wannan tun yana yaro a ƙauye, haka kakanni ke yi, wannan shi ne tarihi na gaskiya ba tulunan da ke cikin gilashi ba. Nan take mutane suka bar layin tatsa suka yi kan maraƙin da wayoyi. Wasu matan suka kau da kai, amma ba su tafi ba. Wani ya ce in tsaya kusa da shi a ɗauke mu tare. Na tsaya.

Mai shanu ya iso ana cikin wannan. Ya ga ƙwarya cike har da kumfa, ya ga cincirindo, ya ga yarinyar tana yi wa mutane bayani. Ya zo ya dafa kafaɗata kamar tare aka haife mu. Kafin magariba ya ciro makulli daga aljihu ya sa mini a hannu.

Aka miƙo wa Inna kofi daga madarar da na tatsa, wai ta sha don shekara. Ta karɓa ta ajiye a gefen tabarma. Da za mu tafi yana nan yadda aka ba ta, ƙuda ya faɗa ciki.

A mota muna komawa na ce mata, "Ashe dai dabba dabba ce. Ciyawa da kara sun ruɗe ta."

Inna ta ce, "Kakata ta ce ba ruɗuwa suke yi ba. Ta san ya mutu tun kafin kai ka sani. Nonon ne ya cika mata, harshen kuma ba ta da inda za ta kai shi." Ta gyara mayafinta. "Kada ka sake yi mini maganar nan."

Washegari muka kwashe kayanmu daga Mansur. Ɗakin yana da ruwa da fanka kamar yadda aka ce, da warin kashin shanu da ba ya fita daga tufafi. Inna ta sami ƙofar da za ta rufe. Na kwance ɗinkin na shanya fatar da gishiri, na sake cusa ta, na sa mata ƙafafun katako masu ƙwari. Kullum da asuba in ɗauko maraƙin daga bayan ƙofa in kai turke, in tatsa, in dawo da shi. Duk ƙarshen mako mu hau mota mu uku, ni da saniyar da shi. Masu gidan tarihi har ɗan allo suka kafa masa. Inna ta je sau biyu ta ce bayanta ba zai iya ba, aka samo wata.

Gashin gadon bayan ya ƙare da lasa, fatar ta yi sumul kamar tafin hannu. Da sanyi ya shigo nonon ya fara ja baya, kafin azumi ya ƙafe. Saniyar ba ta ɗauki ciki ba. Mai shanu ba ya ciyar da abin da ba ya kawo komai, wata safiya aka zo da mota aka kai ta kasuwa. Na jefa tsohuwar fatar a bola, wata saniya ba za ta kalle ta ba.

Mako biyu ba a je gidan tarihi ba. Suka yi ta kiran waya, wai iyalai na tambaya, kuma ba saniya kawai suke tambaya ba. Ni kuwa ina kwana ina tashi a ɗakin ba aikin da aka ba ni shi dominsa, ina jin yadda mai shanu ya fara gaishe ni a taƙaice.

Ran nan da hantsi ya shigo garke da sabuwar saniya mai tozo, fara, da ɗanta namiji yana tsalle a bayanta, lafiyarsa ƙalau. Muka sauke su. Maraƙin ya ruga ya kama nono, yana tunkuyi yana kaɗa wutsiya. Mai shanu ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Ya ce namiji ne, ba abin da zai yi sai shanye rabin madara, kuma mutanen can ba mai rai suke son gani ba.

Inna na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta tattara farantinta ta shige ciki ta turo ƙofar.

Mai shanu ya ce, "Wuƙarka na nan, ya Hajji?"

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ce tana nan.